Bashin Bayani: Rahoton Shekara ga 'Yan Hayar Gidajen Hukuma, daga Ingila zuwa Dirku

Wanda ya san ginin Kawar, yankin Bilma da Dirku a Nijar, ya san cewa abokin gabansa ba kullum yake zuwa ba. Gidajen gargajiya na Bilma da Fachi da Dirku da ƙasa mai gishiri ake tayar da su, domin ita ce a kusa, kuma a yankin da ruwan shekara yakan gaza milimita 20 ba kowa ke gini da tunanin damina ba. A watan Agustan 2006 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Bilma, bangaye suka narke, dubban mutane suka wayi gari babu inda za su sa haƙarƙarinsu. Agaji ya zo daga baya. Amma duk inda hukuma ta raba wani abu da ya shafi muhalli, ko tanti ne, ko fili, ko ɗaki, akwai tambayar da ke biyo baya: wa zai tsaya gaban waɗanda abin ya shafa ya faɗa musu nawa ya shigo, nawa ya fita, me aka gyara, me aka bari?

Wannan nazari ya ɗauki wuri guda da aka mayar da amsar tambayar doka, wato Ingila, inda ƙaramar hukumar da ke da gidajen haya take ba 'yan hayarta bayanin aikinta kowace shekara. Daga nan zai juyo Dirku. Ra'ayina shi ne rahoton shekara bashi ne a wuyan hukuma, kuma ba a auna biyansa da kyawun takarda. Ana auna shi da abu biyu: ko ɗan haya zai iya ɗora abin da aka faɗa a kan rufin ɗakinsa ya ga sun yi daidai, da kuma ko yana da inda zai kai ƙara idan ba su yi ba.

Yadda abin ya samo asali a Ingila

Ƙananan hukumomin Ingila sun shiga gina gidajen haya gadan-gadan bayan dokar gidaje ta 1919, wadda ake jingina wa minista Christopher Addison. Dokar 1980 ta zamanin Margaret Thatcher ta ba 'yan haya damar sayen gidajen da suke ciki da rangwame, aka sayar da masu ɗimbin yawa, wasu kuma aka miƙa su ga ƙungiyoyin gidaje masu zaman kansu. Duk da haka har yau wajen gida miliyan 1.6 na hannun ƙananan hukumomi, kuma idan aka haɗa da na ƙungiyoyin, iyalai kusan miliyan huɗu ne ke zaune a gidajen rahusa.

Tushen rahoton shekara yana cikin tsarin kuɗi, kuma nan ne mai nazari ya kamata ya fara dubawa. Dokar 1989 ta killace asusun gidajen kowace ƙaramar hukuma. Kuɗin haya yana shiga asusu na musamman, ba a ɗiba a yi titi ko a biya albashin wani sashe, haka kuma ba a ɗebo harajin gari a zuba masa. Tun daga Afrilun 2012 kowace hukuma ke riƙe hayarta gaba ɗaya, tana ɗauke da nata kason bashi. Saboda wannan killacewa ne rahoto ke iya cewa: cikin kowane fam da ka biya, kaza ya tafi gyara, kaza ya tafi biyan bashi, kaza ya tafi albashin ma'aikatan gidaje. Da kuɗin a tukunya ɗaya yake da sauran kuɗin gari, da wannan lissafi bai yiwu ba.

A 2010 hukumar sa ido ta lokacin ta wajabta wa masu gidajen rahusa su riƙa fitar da rahoto ga 'yan haya duk shekara, a kan lokacin da aka ƙayyade, farkon Oktoba, watanni shida bayan rufe shekarar kuɗi a ƙarshen Maris. Niyyar mai kyau ce: a mayar da ɗan haya mai sa ido, tun da shi ne ke kwana a gidan. Sai dai dokar 2011 ta rushe wannan hukuma, ta kuma ɗaure hannun wadda ta gaje ta, aka ce ba za ta shiga batun yadda ake mu'amala da 'yan haya ba sai in akwai mummunar cuta da ta auku ko take shirin aukuwa. Binciken da jami'ai ke yi gida-gida da ofis-ofis shi ma aka daina. Aka wayi gari mai gida shi ne ke zaɓen abin da zai auna, shi ne ke aunawa, shi ne ke bugawa. Wata hukuma ta ƙidaya gyare-gyaren da ta kammala, wata ta ƙidaya waɗanda ta amsa kira kawai, babu yadda za a jera su a kwatanta.

Abin da ya biyo baya ba ya buƙatar ado. A daren 14 ga Yunin 2017 gobara ta cinye benen Grenfell a yammacin Landan, mutum 72 suka rasu. Benen mallakar ƙaramar hukumar Kensington da Chelsea ne, wata ƙungiyar gudanarwa ce ke kula da shi a madadinta. Mazauna sun daɗe suna kuka kan haɗarin wuta kafin wannan dare. Kwamitin binciken da alƙali Martin Moore-Bick ya jagoranta, a rahotonsa na ƙarshe na Satumban 2024, ya nuna yadda rashin yarda da gaba suka yi katutu tsakanin masu gudanarwa da mazauna. A duk waɗannan shekaru wajibcin rahoton shekara yana nan. Sai kuma Disamban 2020, a garin Rochdale, yaro ɗan shekara biyu mai suna Awaab Ishak ya rasu, kuma binciken shari'a na Nuwamban 2022 ya tabbatar da cewa daɗewa cikin funfunar da ta mamaye ɗakinsu ce ta kashe shi. Iyayensa 'yan asalin Sudan ne, sun sha kai kuka ga ƙungiyar da ke da gidan. Wannan ya taɓa ni fiye da alƙaluma, domin iyali ne irin namu, waɗanda harshe da baƙunta suka sa muryarsu ba ta kai nesa.

Dokar 2023 ta zo ta warware ɗaurin da aka yi wa hukumar sa ido. Tun daga Afrilun 2023 aka fara tattara ma'aunai 22 iri ɗaya a duk ƙasar. Goma sha biyu daga bakin 'yan haya ake ɗaukar su: ko sun gamsu da gyara, da tsawon lokacin da ya ɗauka, ko suna jin gidan ba shi da haɗari, ko ana sauraronsu, ko ana sanar da su abin da ya shafe su, ko ana mutunta su, ko sun gamsu da yadda ake bin ƙorafi. Goma kuma daga kundin mai gida suke fitowa: gidaje nawa aka duba bututun iskar gas ɗinsu, nawa aka duba haɗarin gobara da na gurɓatar ruwa da na na'urar hawa bene, ƙorafi nawa aka samu cikin kowane gida dubu, nawa aka amsa a kan lokaci. Shi ma lokacin an yanke shi, kwanakin aiki goma a matakin farko, ashirin a na biyu, bayan haka ɗan haya yana iya wucewa ofishin mai karɓar koke na ƙasa. Daga Afrilun 2024 jami'ai suka koma binciken manyan masu gidaje, aƙalla sau ɗaya cikin shekara huɗu, suna ba su daraja daga ta ɗaya zuwa ta huɗu. A Oktoban 2025 kuma dokar da aka sa wa sunan Awaab ta fara aiki, ta ce haɗarin gaggawa a magance shi cikin sa'o'i 24.

Sakamakon shekarar farko ya ƙunshi abin lura. Kusan bakwai cikin goma na 'yan haya sun ce sun gamsu da mai gidansu gaba ɗaya, amma cikin waɗanda suka kai ƙorafi, wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka gamsu da yadda aka bi da shi. Adadi na farko shi ne wanda rahoton da mai gida ya tsara wa kansa zai sa a shafin gaba. Na biyun ba zai fito ba sai an tilasta. Shi ya sa nake ganin babban canjin 2023 shi ne ƙwace zaɓen tambaya daga hannun wanda ake tambaya. Ma'aunan suna da nasu rauni: ana iya tambayar mutane ta waya ko ido da ido ko ta intanet, kowace hanya da irin amsar da take jawowa, kuma matsakaicin adadi yakan haɗiye bene ɗaya da ya lalace cikin ɗari masu lafiya. Grenfell bene ɗaya ne cikin dubban gidajen da ƙungiyar ke riƙe da su.

Faransa, wadda tsarin mulkin Nijar ya fi kama da nata, ta bi wata hanya. Can 'yan haya suna zaɓen wakilansu duk shekara huɗu su zauna a majalisar gudanarwar ofisoshin gidajen rahusa, kuma duk shekara ana ba ɗan haya lissafin kuɗin hidimomin da ya biya, yana da damar neman ganin takardun shaida. Ita ta fi ba kujera muhimmanci a kan rahoto.

Dirku

Dirku ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Bilma ta jihar Agadas, ɗaya daga cikin huɗu, tare da Bilma da Fachi da Jado. Ƙidayar 2012 ta ba ta mutum dubu goma da 'yan kai. Barebari da Tubawa ne 'yan ƙasa, ga Buzaye da Larabawa da Hausawa 'yan kasuwa, kuma Hausa na cikin harsunan da ake ciniki da su. Dabino da kanwa su ne tsohon arziki. Sabon arzikin kuwa hanya ce, domin garin zango ne tsakanin Agadas da Libiya, ga barikin soja, ga filin jirgi. Zinariyar Jado ta 2014 ta kwararo da mutane, hukuma ta rufe wurin a 2017. Dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure ta durƙusar da masu motoci da masu masauki da masu abinci, kafin a soke ta a Nuwamban 2023. A cikin shekara goma garin ya cika ya batse, ya sake sassautawa, ya sake motsawa. Kowane juyi yana taɓa farashin ɗaki da na fili da na rumfar kasuwa.

Ba a san Dirku da rukunin gidajen hayar ƙaramar hukuma irin na Ingila ba, kuma wannan ba laifinta ba ne. A Nijar gina gidajen rahusa aikin gwamnatin tsakiya ne tun asali, ta hannun kamfanin SONUCI, daga baya aka ƙara Bankin Gidaje na Nijar a 2018, kuma akasarin aikin a Yamai da manyan birane ya tsaya, ga ma'aikata masu albashi, ta hanyar sayarwa a biya sannu a hankali. Haka abin yake a ƙetaren iyaka, a Najeriya, inda gidajen Shagari na 1979 zuwa 1983 da unguwanni irin su Kundila a Kano suka fi karkata ga mallaka a kan haya ta dindindin. Da zarar an sayar, dangantakar mai gida da ɗan haya ta yanke, tare da ita kuma wajibcin bayani.

Amma a jihar Agadas ɗin kanta akwai misalin da ya nuna cewa lamarin yana iya faɗo wa hukuma ba shiri. Arlit da Akokan garuruwa ne da kamfanonin uraniyom suka gina wa ma'aikatansu. Da COMINAK, ɗaya daga cikin kamfanonin, ta daina haƙa ranar 31 ga Maris 2021, shirin rufewar ya haɗa da miƙa gidajen da hanyoyin ruwa da na wuta ga hukumomin ƙasa. A jihar Diffa kuma Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi aiki da ƙananan hukumomi wajen yanka filaye, aka ware wani kaso ga waɗanda rikicin Boko Haram ya koro da kuma marasa ƙarfin gari, aka gina wa wasu ɗakuna. A duk wuraren nan hukuma ta zama mai riƙe da muhallin talaka.

A Dirku ma dangantakar tana nan, sunanta ne daban. Duk wanda ke biyan kuɗin rumfa a kasuwa, ko ya karɓi tikiti a tasha, ko yake jiran takardar fili daga ofishin magajin gari, ko yake biyan lampo ta hannun mai gari, yana matsayin ɗan haya ne a ma'anar da ta dame mu: yana ba da kuɗi a kai a kai don wani abu da hukuma ke riƙe da shi. Malamin makaranta da ma'aikacin asibitin da aka turo daga kudu, tafiyar ɗaruruwan kilomita cikin hamadar Tenere, aka sauke su a ɗakin hukuma, su ma haka.

Doka ba ta yi shiru ba. Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na farko a Yulin 2004, kundin dokokinsu na Satumban 2010 ya tanadi zaman majalisa duk wata uku, a buɗe ga jama'a, sarakunan gargajiya suna zama da muryar shawara, kuma magajin gari yana gabatar da bayanin halin da ƙaramar hukuma ke ciki kowace shekara. Giɓi biyu nake gani. Na farko, bayanin ga majalisa yake tafiya, sannan ga wakilin gwamnati, ba a keɓe wa mai rumfa ko mai jiran fili nasa kason ba. Na biyu ya fi zurfi: kuɗin ƙaramar hukuma tukunya ɗaya ne. Abin da kasuwa ta kawo yana haɗuwa da lampo da tallafin gwamnati da kason kashi 15 cikin ɗari na kuɗin ma'adinai da doka ta ware wa hukumomin yankin da ake haƙa. Mai rumfa ba shi da hanyar sanin ko jikar da ya biya ta koma rufin kasuwa ko ta tafi man mota.

Sai kuma abin da ya faru a Afrilun 2024, lokacin da gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta rushe majalisun da aka zaɓa a Disamban 2020, ta naɗa kantomomi. Ba hukuncin wannan mataki ne aikin nazarin nan ba. Abin da ya shafe mu shi ne alƙiblar bayani ta juya. Magajin gari, ko ba ya so, yana da zaɓe a gabansa. Kantoma ga wanda ya naɗa shi yake kai rahoto. Tun da majalisar da za ta karɓi bayani a madadin jama'a ba ta nan, buƙatar a yi wa jama'a bayani kai tsaye ta ƙaru. Kuma wannan ba baƙon tunani ba ne a ƙasar Abzin, wato yankin Agadas. Shehu al-Magili, wanda ya ratsa yankin a ƙarshen ƙarni na 15 kafin ya isa Kano, a nasihar da ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa ya ƙarfafa cewa sarki ya riƙa bin diddigin ma'aikatansa da dukiyar da ke hannunsu, ya kuma buɗe ƙofa ga koken talakawa.

Me za a ɗauko, me za a bari? Ɗan littafi mai hotuna da ake jefawa a akwatin wasiƙar kowane gida ba shi da amfani a garin da mutane da yawa ba sa karanta Faransanci. Ma'aunai 22 sun yi yawa ga ofishin da ma'aikatansa ba su taka kara sun karya ba. Bututun gas da na'urar hawa bene ba matsalar Kawar ba ce. Matsalarta yashi ne da ke hawa bango yana binne gonar dabino, da azarar da gara ta ci, da famfon da ya tsaya, da bangon gishiri da ba zai jure ruwan kwana ɗaya ba.

Abin ɗauka shi ne ƙashin tsarin. Ko doka ba ta killace asusu ba, babu abin da ya hana mai karɓar kuɗin hukuma ya ware shafi guda ga kasuwa da filaye da ɗakuna: abin da ya shigo a gefe, abin da aka kashe musu a gefe. A tsayar da tambayoyi kaɗan waɗanda ba za a canza su daga shekara zuwa shekara ba, kuma ba kantoma kaɗai zai zaɓe su ba, a zauna da mai gari da limamai da shugabannin 'yan kasuwa da direbobi da ƙungiyoyin mata. Filaye nawa aka yanka, wa aka ba, nawa ke jira? Gyara nawa aka yi alkawari bara, nawa aka yi? Kuka nawa aka kawo, nawa aka amsa, cikin kwana nawa? Wannan ta ƙarshen ita ce wadda 'yan hayar Ingila suka fi rashin gamsuwa da ita, don haka ita ce ba za a yarda a tsallake ba. Amfanin tambaya maras canzawa sai a shekara ta uku yake fitowa, sa'ad da mutum ya iya cewa bara kun ce kaza, bana kun ce kaza.

Sannan a faɗe shi da baki, a fili, da Barbarci da Tubanci da Hausa, a maimaita a rediyo, a manna kwafi a ƙofar ofis da bakin kasuwa don mai son ya koma ya duba. Shekarar kuɗin Nijar a Disamba take ƙarewa, don haka watannin sanyi na farkon shekara sun dace, kafin zafin Kawar ya hana taron rana. Mata su samu nasu zaman, domin a taron dandali ba kasafai suke magana ba, alhali su ne suka fi sanin inda ɗaki ke zuba da ranar da famfo ya daina kawo ruwa.

Akwai mai cewa baƙon da ya zo haƙar zinariya ko yake jiran motar Libiya ba ɗan gari ba ne, ba ya bin hukuma bashin bayani. Ban yarda ba. Yana biyan tikiti, yana kama ɗaki, kuma shi ne mafi raunin murya, kamar yadda iyayen Awaab suka kasance a Rochdale.

Saura inda za a kai ƙara, kuma nan ne Dirku ta fi wahala. Ɗan hayar Landan yana da mai karɓar koke da zai rubuta wa daga ɗakinsa. Mai rumfa a Dirku, in bayani bai gamsar da shi ba, mafi kusa shi ne wakilin gwamnati a Bilma, tafiyar wajen kilomita 45 cikin yashi, bayan shi sai gwamna a Agadas, kwanaki a bayan mota. Mafita mai sauƙi ita ce wakilin gwamnatin ya zo da kansa ranar bayanin, ya zauna ya ji, a rubuta koken da aka tayar a gabansa da sunan wanda zai bi kowanne, kuma takardar nan ta zama abin da za a fara karantawa a taron baɗi.